Elmina ba tarihin mutanen bakin teku kaɗai ba ne

Kar nawa ke tashi daga Maradi da Yamai zuwa Gana kowane mako? Mutanenmu sun san Kumasi da Ankara kamar tafin hannunsu, sun san zango, sun san inda ake canjin sidi. Amma tambayi mutum goma wa ya taɓa zuwa Elmina, sai ka ji shiru. Alhali daga Ankara bai wuce tafiyar awa uku zuwa huɗu ba, ka bi bakin teku yamma, gaba kaɗan da Kef Kwas.

Mu da munka yi lise, Gore ta Senegal anka cika mana kunne da ita. Elmina kuwa ta girme ta a gini. Turawan Fotugal sunka gina wannan katafaren gida mai garu a 1482, don zinariya tukuna, daga baya cinikin ya koma na mutane. A 1637 ƴan Holan sunka ja bindigogi bisa tudun da ke fuskantar gidan, sunka yi ta ruwan wuta har anka miƙa musu. Da yake sun san ta inda sunka ci, sai sunka gina wani sansani bisa tudun, Sen Jago. Ku daure ku hau shi. Daga can ne za ku ga gidan duka, da kwale-kwalen masunta cunkushe a bakin ruwan Benya.

Cikin gidan, gid zai kai ku kurkukun mata, ya nuna muku benen da gwamna ke tsayawa yana zaɓe, da wata ƴar ƙofa da mutum ɗaya ke fita da ƙyar zuwa jirgi. Nan kowa ke yin tsit. To, amma su wa anka tura ta ƙofar nan? Da yawansu daga arewa anka gangaro da su. Hanyar Gwanja da fatakenmu ke bi neman goro, Salaga ta kai su, kuma kasuwar Salaga ba goro kaɗai take saidawa ba. Muna cikin waɗanda anka saida, muna cikin masu ciniki. Wannan magana ba ta da daɗi a rediyo, shi ya sa ba mu cika yin ta ba.

Akwai kuma fili tsirara a gaban garun, mutane na taka shi ba su lura ba. Nan tsohon garin yake. Holan ta bar wa Ingila gidan a 1872, mutanen gari da yawa sunka ƙi sabon mai gida, sai Ingilishi sunka ƙone garin da igwa a watan Yuni na 1873. Cikin dakarunsu har da sojojin da ake kira Hausa. Garin bai sake tashi a wurin ba.

Wani zai ce ɗan kasuwa da jarinsa ina ruwansa da yawon buɗe ido, kwana ɗaya ma asara ce. Gaskiya ne, kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Sai dai muna kashe fiye da haka a jiran kaya. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1979, baƙaƙen fata na tasowa daga Amurka don su taɓa bangon nan. Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna Gana, da ke iya cika kar don biki ko ta'aziyya, za su iya cika guda ɗaya lokacin bakansi su kai yara, su hau da su Sen Jago kafin rana ta yi zafi.