Gitar Abalak ta zagaya duniya, gogen Adar na rataye a bango

Ƴan uwa, duk wanda ya halarci biki a Madaoua, Bouza ko Keita cikin ƴan shekarun nan ya san yadda abin ya koma. A kafa rumfa, a jera kujeru, a tada injin wuta, mai DJ ya cusa kile a na'urarsa, shi ke nan. Waƙoƙin fiyano na Kano, kiɗan Legas, da wanda ƴan ci-rani suka ɗauko daga Abidjan, su ne tun la'asar har dare ya raba. Mai kalangu in ya zo, a bakin ƙofa yake tsayawa, a miƙa masa dala ashirin ya wuce. Mai goge kuwa, yara da yawa ba su taɓa ganinsa ido da ido ba.

Ni mai son kiɗan gita ne, ban ɓoye ba. Ina sauraren rok, musamman reshensa da ya ƙi bin layin manyan kamfanoni, wanda ake kira altanatif. Saboda haka kada wani ya ɗauka na zo in yi wa zamani kuka. Abin da ke damuna shi ne, a cikin jiharmu ta Tahoua akwai misalin da ya isa ya buɗe mana ido, amma mun ƙi dubawa.

Abalak maƙwabciyar Keita ce. Daga wannan yankin Mdou Moctar ya fito. Yana yaro ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, domin gidansu ba su yarda da kiɗa ba. A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, da salon murya irin na fina-finan Hausa. Ba rediyo ba talabijin, daga salula zuwa salula waƙoƙin suka bazu ta Bluetooth, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su, ya sa ɗaya a faifan da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. A 2021 Matador, ɗaya daga sanannun kamfanonin rok na altanatif a Amurka, ya fitar masa da Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice. Yau a manyan dandalolin Turai da Amurka yake wasa, da rawaninsa, yana waƙa da Tamashek.

Ba shi kaɗai ba ne. Ƙauyen Illighadad, nan wajen Abalak, ya fitar da Fatou Seidi Ghali da ƴan uwanta mata, Les Filles de Illighadad. Bombino na Agadez ya kai ga shiga takarar Grammy a 2019 da faifansa Deran, bayan ƴan Tinariwen na Mali sun ci kyautar a 2012.

To, mene ne sirrin? Turawa ba su rasa masu kaɗa gita ba, su suka ƙera ta. Abin da suka ji a hannun waɗannan mutane shi ne abin da babu a wurinsu: tafin mata, amo da amshi, bugun tande, wato turmin da ake ɗaura wa fata, da taken takamba. Ƴan matan Illighadad ba su yi wani abin mamaki ba illa ɗaukar waƙoƙin tande na iyayensu su ɗora a kan gita. Mdou da kansa, bayan duk ƙarar wutar lantarki, a 2025 ya sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da gita marar wuta. Gita baƙuwa ce, amma abin da take faɗa ɗan gida ne.

Ko a can inda rok ya fito haka abin yake. A watan Nuwamba 1993, ƙungiyar Nirvana, wadda a lokacin babu kamarta a wannan salo, ta yi wasa a New York, ta rufe da wata tsohuwar waƙar karkara da aka sani ta bakin Lead Belly, baƙar fata da ya rasu tun 1949. Shi kuwa duniya ta san shi ne domin a 1933 John Lomax da ɗansa Alan sun bi shi har gidan kaso a Louisiana, da na'urar ɗaukar murya da ta fi kilo ɗari nauyi. Wani ya ɗauki wahala ya adana, shekara sittin bayan haka jikoki suka samu abin ɗorawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu mu dawo gida. Me muka rasa a Adar da Gobir Tudu? Muna da gangar noma da ke tada tsimin samari ranar gayya. Muna da kalangun mahauta, kiɗan maƙera, taken maharba, goge, gurumi, kiɗan ƙwarya na mata, waƙoƙin daka da na niƙa, ga kuma kiɗan kokowa, wadda a Tahoua aka fara gasarta ta ƙasa a 1975. Duk mai kunne ya san bugun gangar ƴan kokowa ya fi ganga ta kowace ƙungiyar rok zafi. Idan saurayi ɗan Tamaske ko Karofane ya ɗora gita a kan wannan bugun, wallahi ba na shakkar za a saurare shi a ko'ina. Amma ina yake?

A ganina abu uku ne suka hana.

Na farko, raini. A wurinmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma mun liƙa mata sunan roƙo. Ɗan makaɗi ya shiga lakwal, abin da ya fara koya shi ne jin kunyar sana'ar ubansa. Wanda ba ɗan gado ba kuwa, in ya taɓa goge sai a ce ya zubar da mutuncin gidansu. A wajen Abzinawa gita ba ta zo a matsayin kayan wani gida ba. Matasan da fari da rashin aiki suka kora Libiya da Aljeriya a shekarun 1970 da 1980 su suka ɗauke ta, kowa ya iya ya kaɗa. Mu ma ƴan ci-rani ne, kaɗan ne gidajen Bouza da Keita da ba su da ɗa a waje. Amma mu kayan kiɗan wasu muke dawowa da su a kile, ba mu mai da kewarmu waƙa ba.

Na biyu, arha. Fiyano ɗaya da kwamfuta sun maye gurbin mutum shida. Ban ce waƙoƙin fiyano ba su da daɗi ba, akwai masu hikima a cikinsu, kuma su ne suka riƙe Hausa a kunnen matasa. Sai dai idan ka saurari goma a jere, sau da yawa bugu ɗaya ne, murya ɗaya ce da na'ura ta goge. Narambaɗa ba ya kama da Ɗanƙwairo, Shata ba ya kama da Ɗan Maraya, ko daga nesa ka ji ka san wane ne. Wannan bambancin shi muke asara.

Na uku, kuma shi ya fi ciwo, ba mu adanawa. Shata ya rasu a 1999, amma yaron da aka haifa bayansa yana jin muryarsa, domin an ɗauka. Makaɗin ƙauyenku fa? Tun 1984 matan Keita suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka, suna gyaran fako da tudu a aikin nan da duniya ta sani da sunan Projet Keita. Tun 1975 mutanen kwarin Majiya suka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska. An rubuta rahotanni da Faransanci, an ƙirga itatuwa da eka. Waƙoƙin da aka rera a bakin aikin fa, wa ya ƙirga su? Matan da suka yi wannan aiki yau tsofaffi ne. Duk wadda ta tafi, ta tafi da nata.

Na san akwai masu cewa barin kiɗa gaba ɗaya shi ne alheri, kuma ina girmama malamanmu. Amma mu duba gaskiya: gogen ya yi shiru, kiɗa bai bar garuruwanmu ba. Abin da ya maye gurbinsa a salular ƙannenmu ya fi shi tsabta ne? Waƙar da ke zuga manomi, ko ta uwa mai rarrashin ɗa, ba ita ce matsalar tarbiyyarmu ba.

Kuma ban ce duk abin da gitar arewa ta samu alheri ne ba. Mafi yawan faya-fayan a waje ake buga su, a waje ake sayar da su. Ɗan Landan ya fi ɗan Ibohamane damar ganin Mdou a dandali. Idan mu ma muka zauna jiran wani baƙo ya zo ya gano mana makaɗanmu, shi zai zaɓi wanda za a ji, shi zai riƙe faifan.

Akwai wanda ya nuna mana hanya. Marigayi Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurumi, ya tafi bakin tafkin Chadi a farkon shekarun 2000 ya zauna gaban tsoho Boukar Tar, ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da ke gab da ɓacewa. Ya kai shi har Turai kafin rasuwarsa a 2018. Mutum ɗaya ne ya yi wannan.

Saboda haka ga roƙona. Kai mai salula, wadda ke aljihunka ta fi na'urar Lomax nesa ba kusa ba. Je ka gaida tsohon makaɗin unguwarku, ka nemi izininsa, ka ba shi goronsa mai kauri, ka ɗauka, ka rubuta sunansa da garinsa da shekara. Ke ƴar uwa, zauna da kakarki ki ɗauki waƙoƙin daka. Gidajen rediyon karkara su ware ko awa ɗaya a mako don makaɗan yankinsu. Magadan gari su san cewa al'ada ba ranar zuwan baƙi kaɗai ake tunawa da ita ba. Mai yin biki, cikin abin da ka ware wa DJ, raba ka kira mai ganga, ka zaunar da shi cikin rumfa. Masu shirya gasar Dan Gourmou a Tahoua, gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan gwanin gargajiya, su buɗe fage na musamman ga wanda ya haɗa biyun.

Ku kuma samari masu gita da fiyano, kada ku ajiye su. Ku ɗauke su ku je gidan mai goge tun yana da ƙarfin ja.

Wane makaɗi ne ya rage a garinku? Ku rubuto mana garin da irin kiɗan da yake yi, mu fara lissafi tun yau. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada.