Yaron da Bai Yi Magana Ba, da Manyan da Suka Yi Shiru



Akwai wata magana da ta cinye shekarun yara masu yawa daga Aboabo zuwa Sabon Zango, daga Asawase zuwa Sawaba: "A ƙyale shi, zai yi magana, kawunsa ma sai da ya shekara biyar." Kaka ce ke faɗa, uba ya gyaɗa kai, uwa ta haɗiye abin da ke ranta. Yaro ya kai uku, ya kai huɗu, a kira sunansa bai waiwaya ba, wani lokaci ya ƙura ido kamar an zare masa rai na ɗan lokaci sannan ya dawo. Sai a kira wanzami ya yanke linzami. Da abin ya ƙi, a ce iska ce, ko a rage murya a ce ɗan ruwa ne. Mu da muke zama a zauren manya muna rubuta ƙorafin jama'a, ba a kawo mana zancen sai ya zama rikicin aure, dangin miji sun ce daga wajen uwa abin ya fito.

Muna cewa wannan jiran sakaci ne, ko da mun sa masa rigar haƙuri.

Rashin magana alama ce, kuma abubuwan da ke bayanta suna da yawa. Wani yaron ba ya ji ne kawai, ko tun haihuwa, ko bayan sanƙarau. Wani shawara ce ta kama shi a makon suna, idonsa ya yi ɗorawa, aka shanya shi a hantsi aka ce za ta wuce, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Wani doguwar naƙuda ce. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Wani sikila ce, domin tana iya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro. Kuma abin kunya ne a ce a nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995, a ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, amma uba bai san abin da aka rubuta a katin ɗansa ba. Akwai kuma galahanga, wadda a baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana samun kusan yaro 1 cikin 100. Kowanne da hanyar da ake bi da shi. Ta yaya kaka za ta bambance su daga kan tabarma?

Wasu suna cewa harsuna ne suka yi wa yaron yawa: Hausa a gida, Tonanci a bakin titi, Larabci a makaranta, Turanci a talabijin. To duk 'ya'yan Zango a cikin wannan suka tashi, kuma bakinsu ya fi na aku. Yawan harsuna ba ya hana yaro nuna abu da yatsa, ba ya hana shi juyowa in uwarsa ta kira shi.

Sai batun aljanu, inda muka san za a ce mun taɓo abin da ya fi ƙarfinmu. Allon da kuka wanke shi muka wanke. Ba mu musun samuwar aljanu, ba mu raina tofi da addu'a. Amma Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'adi, da kansa ya raba farfaɗiya gida biyu, ya ce ɗaya daga jiki take tasowa, kuma ita ce likitoci ke magana a kan sababinta da maganinta. Malamin da zai kalli yaro sau ɗaya ya yanke cewa iska ce, ya karɓi rago da ɗaruruwan sidi, ya kuma hana a je asibiti wai allura tana fusata mutanen ɓoye, a wane littafi ya karanta haka? Yawancin malamanmu masu tsoron Allah ne, su ne ma ke cewa a haɗa da likita. Da 'yan kasuwar cikinsu muke. Farfaɗiya kuwa, kusan mutum 7 cikin 10 masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suka riƙe shi. Kuma ba kowace farfaɗiya ke kayar da mutum ba. Wannan ƙura idon na 'yan daƙiƙoƙi yana iya zama ita ce.

Kalmar ɗan ruwa ita ce ta fi ba mu tsoro. A 2013 Anas Aremeyaw Anas ya nuna wa duniya yadda irin wannan suna ya kai ga kashe yara a wasu ƙauyukan arewacin ƙasar nan. Mu ba mu kai can ba, alhamdu lillahi. Amma kulle yaro a ɗaki ranar biki don kada baƙi su gan shi, daga wannan sunan ya samo tushe.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Yaron da ya shekara ɗaya ba ya gwaranci, ko ya shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, a faɗa wa ma'aikaciyar awo. Wanda ya fara magana sannan ta ɗauke, wannan ba a kwana da shi. A fara da asibiti na kusa, kamar na Manhyia, a nemi takardar turawa zuwa Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, a roƙi gwajin ji tun farko. In yana ƙura ido ko jijjiga, a ɗauke shi bidiyo da waya, domin abin ba ya zuwa a gaban likita don an so. A tafi da littafin awo da katin inshora.

Gaskiya ne layi yana da tsawo, ƙwararrun ƙwaƙwalwar yara da masu koyar da magana kaɗan ne a Gana, wasu gwaje-gwajen kuma sai an sa hannu a aljihu. Gaskiya ne kuma ba kowane yaro zai yi magana ba ko an gano ciwon. Amma kurma yana da makaranta a Jamasi, inda zai koyi maganar hannu da karatu. Akwai makarantar yara masu buƙata ta musamman ta Garden City a Asokore Mampong, a bakin ƙofarmu. Dokar naƙasassu ta 2006 ta ba su haƙƙin karatu, kuma akwai kason da aka ware musu a asusun majalisun gundumomi. Duk waɗannan da takardar likita ake buɗe su cikin sauƙi.

Ga iyaye maza muke ƙarasawa. Mace ita kaɗai ke goya yaro ɗan shekara huɗu ta hau trotro da asuba, ta tsaya gaban likita ana mata tambaya da Tonanci ko Turanci: a wane wata ya zauna, akwai mai irin wannan a danginku? Rabin amsar tana wajen dangin uba, uban kuma yana Kejetia. Ku rufe shago rana ɗaya ku bi ta. Limamanmu kuma muna roƙon su ba wannan zance huɗuba guda a Juma'a, su ambaci gwajin ji da sunansa daga kan mumbari.