Baƙo Ya Koyi Harshen Maƙwabcinmu, Mu Fa?

Duk wanda ya taɓa zama a Aba ko Fatakwal ko Legas, da wuya a ce bai ci karo da wasu samari ba masu tafiya biyu-biyu, sanye da farar riga, da ɗan baƙin allo a ƙirji mai ɗauke da suna. Su ne 'yan mishan ɗin ɗarikar Momon, wadda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, hedkwatarta kuma tana jihar Yuta. Ban ɗauki alƙalami don in tallata aƙidarsu ba, wannan tsakaninsu ne da masu sauraronsu. Abin da ya dame ni shi ne irin rayuwar da yaro ɗan shekara 18 yake yarda ya yi a ƙasar da ba tasa ba, da kuma abin da wannan rayuwa take tona mana, mu ɗaliban harshe.

Saurayin Momon ba shi ke zaɓar inda za shi ba. Takarda ce kawai za ta zo masa, ta ce an tura shi Faransa ko Ghana ko Filifin, ya yi wata 24. Mace kuma wata 18. Kafin ya tafi sai ya shiga makarantar horo, babbarta tana garin Provo, akwai kuma wata a Accra. Idan harshen ƙasar baƙo ne gare shi, makonni shida zuwa tara zai yi ana ɗura masa shi dare da rana. A tsarin da aka daɗe ana bi, ƙarfe shida da rabi na safe yake tashi, ya motsa jiki, ya yi karatu shi kaɗai, ya yi da abokin aikinsa, ya maimaita darasin harshe, sannan su fita bin gida-gida, ba za su kwanta ba sai goma da rabi na dare. Ba ya rabuwa da abokin nan nasa ko kasuwa za shi. Ba shayi, ba gahawa, ba taba, ba zance. Rana ɗaya ce a mako ta wanki da cefane da rubuta wasiƙa. Kafin 2019, sau biyu kacal a shekara aka yarda ya ji muryar mahaifiyarsa a waya. Kuma ba albashi: shi da iyayensa ne ma ke biya. Mitt Romney, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka a 2012, haka ya yi a Faransa, da Faransancinsa ya koma gida.

Kada mai karatu ya ɗauka na ruɗu da farar riga. Wannan ɗarika ce da ta hana baƙar fata muƙamin limanci har zuwa 1978, a ƙarshen shekarar ne ma ta yi wa Anthony Obinna da jama'arsa baftisma a ƙasar Ibo, bayan sun shafe shekaru suna aika wasiƙu suna roƙo. Sannan shekara biyu me za ta koya wa mutum game da al'umma? Baƙo raɓa ne, in ji Bahaushe. Lokacin da harshen ya fara zauna masa a baki, lokacin ne zai ɗaure kaya.

Don haka, in ana neman misalin da ya fi wannan nauyi, ba sai an je Yuta ba, a nufi arewacin Adamawa. A watan Maris na 1923, wasu Amurkawa biyu na wata ɗarika daban, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi addu'arsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida. Kulp bai cika shekara 30 ba a lokacin. A 1924 ya binne matarsa Ruth a can, bai gudu ba, ya zauna kusan shekara 40. Suka koyi Bura, suka rubuta shi, suka buɗe makaranta da asibiti da wurin jinyar kutare. Aikin ya bazu zuwa Lassa, inda a 1969 wata ma'aikaciyar jinyarsu, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓin da har yau duniya ke kira da sunan garin. Daga wannan tsamiya ce aka sami cocin da ake kira EYN, mai hedkwata a Kwarhi kusa da Mubi. A lura da cikakken sunan: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Hausa ce tsantsa, a ƙasar Bura da Margi da Kilba da Kamwe da Fali.

Mu a sashen Hausa bai kamata wannan ya zame mana sabon labari ba. Wane ɗalibi ne ya kai aji huɗu bai ɗaga ƙamusun Bargery na 1934 ba? Bargery ɗan mishan ne. Schön, wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862 ya kuma rubuta labaran Dorugu, ɗan mishan ne. Haka Likita Miller na Zariya, wanda da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932. Manufarsu ba ɓoyayya ba ce, yaɗa addininsu suka zo yi, amma sun gane cewa ba a shiga zuciyar mutum sai ta harshensa, suka zauna a ƙasa suka koya. Mu kuwa muna cin gajiyar guminsu a jarrabawa, muna zaginsu a ɗakin kwana.

Yanzu a ɗauki Vimtim, garin Fali da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, daf da duwatsun iyakar Kamaru. Yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba sai a Oktoban 2014, da Boko Haram ta mamaye Mubi da kewaye, har da Kwarhi, gidajen rediyo suka riƙa cewa an kama garin Alex Badeh, babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin. Wato sai da wuta ta ci gari sannan muka san da shi. Mutumin Vimtim kuwa ya san mu sarai. Da Hausa yake ciniki a kasuwar Mubi, da ita yake jin labarai, da ita ake wa'azi a coci da masallaci da dama a yankin. Shi ya taka ya zo gare mu. A cikinmu wa ya san yadda ake gaisuwar safe da Fali? Wa ya san cewa Falin Vimtim da na Bahuli da na Muchalla da na Bagira kowanne da irin karinsa?

Za a ce ai mu sashen Hausa ne, ina ruwanmu da Fali. Da ruwanmu, ta fuska biyu. Fali ɗan gidan harsunan Chadi ne, dangin Hausa ke nan, kuma malamanmu kullum suna nanata cewa ba a fahimtar tarihin Hausa sai an dubi 'yan'uwanta. Sannan Hausar da ake yi a Mubi ita kanta abin nazari ce: yadda jinsi ke ɓacewa a bakin masu ita, yadda ake furta baƙaƙe masu ƙugiya, kalmomin Fulatanci da suka shige ta. Kundayen digirinmu kuwa sun cika da nazarin jigo da salo a littattafan soyayya, kowa na kwafar na gabansa.

Shawarata ga sashe ita ce a mayar da dogon hutun da ke tsakanin aji uku da aji huɗu lokacin zaman ƙauye na dole. A tura ɗalibai biyu-biyu, kada su zaɓi garin da kansu, kuma kada a tura kowa inda ake harshen uwarsa. Su sauka a gidan mutane da izinin dagaci, su je gona, su ci abin da aka dafa, kowace safiya su yi awa guda suna koyon harshen masu gida, su dawo da jerin kalmomi da tatsuniyoyi da muryoyin tsofaffi a na'ura. Batun tsaro gaskiya ne, ba kuma zan ce a jefa 'ya'yan mutane inda hukuma ta hana ba. Amma Mubi na da jami'ar jiha da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, cike da ɗalibai 'yan yankin da za su iya zama abokan tafiya. Daga can zuwa Vimtim tafiyar ɗan lokaci ce a mota, kuma na'urar ɗaukar magana tana cikin wayar da ke aljihun kowannenmu.