Ciwon wuyan hannu: a gyara wurin aiki, a rage shan ƙwaya

'Yan'uwa, da yawa cikinmu mun sayar da hatsi ko akuya mun sa yara makaranta, domin su huta da fartanya. Yanzu waɗansunsu suna birni suna buga takardu da kwamfuta a shago ko ofis, waɗansu kuma su ne sakatarorin ikilisiya. Ga su nan suna zuwa asibiti da kukan ciwon wuyan hannu. In sun faɗa a gida sai a yi musu dariya, a ce mai zama a inuwa wace wahala ya sha. Sai yaro ya yi shiru, ya je wurin mai tallan magani ya sayi ƙwaya. Dariyar kuskure ce, ƙwayar ma kuskure ce. Ciwon gaskiya ne, aiki ne ya kawo shi, kuma a wurin aikin ne za a fara neman sauƙinsa.

Wuyan hannu yana da ƙananan ƙasusuwa 8. Ta gefen tafin hannu akwai wata 'yar hanya matsattsiya. Ta cikinta jijiyoyi 9 suke wucewa, waɗanda suke jan yatsu kamar igiya, tare da jijiya ɗaya mai sa mu ji abin da muka taɓa. Idan mutum ya wuni da hannu a lanƙwashe, yatsu suna motsi iri ɗaya ba hutu, igiyoyin nan suna gajiya, su fara zafi, wani lokaci su kumbura. In aka matse jijiyar ji, sai babban yatsa da ɗan ali da na tsakiya da rabin na kusa da shi su sage, ko mutum ya ji kamar ana tsira masa allura. Ƙaramin yatsa yakan tsira. Abin ya fi tashi da dare, har mutum ya farka yana yarfa hannu.

Ciwon ya girmi kwamfuta. Wani likita a Italiya mai suna Ramazzini ya rubuta labarinsa tun 1713, a wurin magatakarda masu wuni da alƙalami. Mai daka, da mai tatsar nono, da tela, da mai kitso duk sun san shi. Mata sun fi samun sagewar yatsun nan, musamman masu ciki, haka ma masu ciwon sukari.

Me ya sa nake ƙin ƙwaya? Domin jiki magayi ne. Zafin yana cewa a sassauta, ƙwaya kuwa tana rufe masa baki, mutum ya ci gaba da aikin da ke ɓata hannun. Ibuprofen da diclofenac suna da amfani na 'yan kwanaki in ma'aikacin lafiya ya rubuta, amma shansu kullum yana iya kawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda. Mace mai ciki kada ta sha su da kanta. Tiramadol kuma kama mutum yake yi, ya kasa bari. Tsaga da ƙaho ba sa kaiwa inda aka matse jijiyar, sai dai su ƙara miki.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Zauna yadda gwiwar hannu za ta tsaya kusa da jiki, hannu ya miƙe daidai da allon bugawa, wuyan hannu bai karye sama ko ƙasa ba. In tebur ya yi tsawo, a ɗora matashi a kujera, a sa ɗan katako a ƙarƙashin ƙafa, ko kafinta ya rage ƙafafun teburin. Kada a danna wuyan hannu a bakin tebur mai kaifi. Linzamin kwamfuta ya zauna dab da allon, a riƙe shi sako-sako. A buga a hankali, ba sai da ƙarfi harafi yake fita ba. Kan allon kallo ya zo daidai ido, ko da da tulin littattafai ne. Bayan kowane rabin awa a tsaya minti biyu ko uku, a tashi, a buɗe yatsu, a juya kafaɗa. Mai daka ita ma ta karɓa wa 'yar'uwarta, su riƙa musanya.

Wani zai ce, in na tsaya maigida zai kore ni. Shi ya sa maganata ta fi zuwa ga masu shago da shugabannin ofis da dattawan ikilisiya. Wanda ya sayi kwamfuta ba zai rasa kuɗin kujerar kirki ba. Hutun minti uku bai kai asarar ma'aikacin da zai yi wata guda ba ya iya riƙe cokali ba. Hannun yaron nan shi ne gonarsa, in ya lalace ba ku da wani da za ku ba shi.

A zo asibiti idan sagewa tana tashin mutum daga barci, ko abubuwa suna suɓucewa daga hannu, ko naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, ko an gyara zama mako biyu ba sauƙi. Za mu duba hannun, mu gwada sukari. Sau da yawa abin ɗaure hannu da ake sawa da dare ya isa. Waɗansu sai an yi musu allura a wurin, waɗansu ƙaramin aiki na buɗe hanyar. Jijiyar da ta daɗe a matse ba lalle ta komo daidai ba, don haka kada a yi jinkiri.

Abu biyu kuma kada a ɗora wa kwamfuta. Sagewar hannu tare da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa tana iya zama kuturta, maganinta kyauta ne, ana kuwa warkewa. Hannun da ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, alamar shanyewar jiki ce. A kawo mai shi nan take, ko da tsakar dare ne.