Jakadan Kamfani Da Kukan Jama'a

 Akwai wani muƙami da zamani ya zo da shi wanda ya kamata mu dube shi da idon basira, domin dukiyarmu ta fara bi ta hannun masu riƙe da shi.

Kamfanonin da ke ƙera manhaja, watau tsarin umarnin da ke sa kwamfuta da wayar hannu su yi aiki, irin su Google da Microsoft na ƙasar Amurka, sukan ɗauki waɗansu ma'aikata na musamman. Aikin irin wannan ma'aikaci shi ne ya tsaya tsakanin kamfani da samarin da ke gina sana'arsu a kan kayan kamfanin. Ya koya musu, ya ji kukansu, ya kai wa manyansa, ya komo da amsa. A harshenmu sunansa jakada. Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne. Kuɗin da ɗan kasuwa ke turawa ta waya ran kasuwar Talatar Mafara, da na'urar POS da yaronsa ke riƙe da ita, duk a kan manhaja suke tafiya. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a tsakiyar 1444, watau farkon shekarar 2023, ya san yadda kuɗi kan maƙale tsakanin mai saye da mai sayarwa, kaya na ƙasa, rana na faɗuwa.

To, idan al'amari ya yi tsanani haka, me jakada kan yi? Sau da yawa abin da jama'a ke samu shi ne magana mai daɗi: mun ji, muna dubawa, a ƙara haƙuri. Ra'ayina shi ne, jakadan da ke da kunne amma maganarsa ba ta isa wurin mai yanke hukunci, cutarsa ta fi amfaninsa. Yakan sa mutane su zaci an ji su alhali kuwa ba a ji ba. Mutanen Maradun da Bakura da Mafara, har Kaya da ƙauyukan da ke kewaye, ba sa bukatar a tafi da su Amurka kafin su gane wannan. Bakolori ta ishe su misali.

An gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, tun ƙasar nan tana cikin Jihar Sakkwato, gama sai 1996 aka yanke Zamfara. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi ginin, aikin kuwa yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ta gwamnatin tarayya. An yi nufin a shayar da kadada wajen 23,000. Niyya ce mai kyau, ba mai musun haka. Amma tafkin ya cinye kadada wajen 8,000, ya tashi mutum kimanin 13,000 daga gidajensu da gonakinsu. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa aka hana su shuka yayin da ake baje ƙasa ana haƙa magudanai. Na ƙasa da madatsar kuma suka ga ambaliyar da ta saba jiƙa musu fadama ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya.

Manoma ba su yi shiru ba. Sun kai kuka a kan diyyar gonaki da itatuwa da amfanin da aka hana su nomawa. Da kuka ya yi yawa babu biyan bukata, sai suka shiga tare hanyoyin aikin. A ƙarshen 1979 Gwamna Shehu Kangiwa ya yi musu alkawarin za a share musu hawaye. Ran 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan jama'a, Birnin Tudu ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Gwamnati ta ce waɗanda suka rasu ba su kai 30 ba, waɗansu lissafe-lissafe kuwa sun haura 380. Allah ya jiƙansu.

Ku duba inda igiyar ta tsinke. Ɗan kwangila aikinsa gini, hukumar da diyya ke wuyanta tana jiran kuɗi da umarni daga Ikko, gwamnan da ya yi alkawari kuma ba shi ne ke riƙe da jakar aikin tarayya ba. Masu sauraro sun yi yawa, mai warware matsala a kan lokaci ya yi ƙaranci. Manomi kuwa damina ba ta jiransa. Wanda aka ce ya yi haƙuri har shuka ta wuce, an ce da shi ya yi haƙuri da yunwar shekara guda ke nan.

Ban ce kuskuren manhaja daidai yake da zubar da jini ba, nesa ƙwarai. Amma ciwon iri ɗaya ne, ƙarami da babba. Saboda haka ga sharuɗɗa huɗu da nake ganin sai jakadan kamfani ya cika su kafin ya cancanci sunan.

Na farko, ya amsa da wuri, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ya lalace. In laifin kamfani ne ya ce laifin kamfani ne, kada ya bar ɗan kasuwa yana zargin abokin cinikinsa da ƙarya a kan kuɗin da na'ura ta riƙe.

Na biyu, ya yanka wa'adi. Alkawari kaya ne, alkawarin da ba shi da rana kuwa iska ne. Babban Bankin Nijeriya ya gane haka, shi ya sa a 2020 ya umarci bankuna su warware cinikin POS da ya maƙale cikin awa 72. Jakada ya ce rana kaza, in ranar ta zo bai samu ba ya fito ya faɗi dalili, kada ya ɓuya.

Na uku, ya zama yana da ƙofar shiga wurin manya. Fatake sun san dillali da fatoma. Ba don zaƙin baki ake ba dillali la'ada ba, sai don in ciniki ya rikice shi za a kama, shi kuma ya san gidan mai kaya. Kamfanin da ya naɗa jakada bai ba shi ikon tayar da injiniya daga barci ba, ya ajiye mai ban haƙuri ne kurum.

Na huɗu, ya yi magana da harshen mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba zai iya nunawa ba in an ce sai ya cika takarda da Turanci. A ji shi da Hausa, a ba shi amsa da Hausa, a baki ko a rubuce.

Mu ma akwai namu nauyin. Ɗan kasuwa ya riƙa ajiye lambar ciniki da rana da sa'a, gama kuka ba shaida ba ya zuwa ko'ina. Kuka ya tafi a dunƙule ta hannun sarkin kasuwa ko shugabannin ƙungiya, kada kowa ya tafi shi kaɗai a sallame shi da murmushi. Malamai kuma, ku ne ma'abota alƙalami. Ku taimaki wanda bai iya rubutu ba ya rubuta ƙararsa, ku kuma ja kunnen samarinmu da suka shiga wannan aiki cewa saƙon talaka amana ce a wuyansu. Sa'an nan duk wanda ya zo da sunan kamfani, a karɓe shi da mutunci, a yi masa tambaya uku: wa za ka kai wa maganarmu, yaushe za ka komo, in ba a yi ba wa za mu kama? Wanda ya amsa su, jakada ne, a riƙe shi hannu biyu. Wanda ya kasa, a nemi na gaba da shi tun ruwa bai kai wuya ba.

Allah ya sa mu dace. Haza wassalam.