Kalangu a Ɗakin Kamfani

Akwai wani abu da manyan mawaƙa suka mayar sana'a, ni kuwa ban yarda da shi ba. Mutum ya yi shekara talatin talakawa suna ɗaukaka shi, suna sayen kaset ɗinsa da kuɗin cefane, sa'an nan da sunansa ya kai, sai ya koma yi wa kamfani wasa a babban otal, inda mai gadi yake tsaye a ƙofa yana duba katin gayyata.

Turawa ne suka buɗe wannan hanya. Ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ta yi suna da kiɗan rok, na samari masu ƙin bin manya. A 1981 kamfanin turare na Jovan ya ɗauki nauyin yawon wasansu a Amurka, a 1995 kuma Microsoft ya biya su miliyoyin daloli domin ya tallata Windows 95 da waƙarsu. Bob Dylan, wanda aka sani da waƙoƙin ƙin yaƙi, ya fito a tallan motar Chrysler a 2014. A nan Sudan ma, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, wanda ya je Hartum ya ga yadda kamfanonin waya, su Zain da MTN da Sudani, suke liƙa tambarinsu a bayan mawaƙa.

Na san abin da mai karatu zai ce. Zai ce ai mawaƙin Hausa tun fil azal maroƙi ne: Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo ya yi wa sarakuna, Mamman Shata ya yi wa attajirai har ya rasu a 1999, to, mene ne laifi in kamfani ya maye gurbin sarki? Tambayar tana da nauyi, amma ba daidai suke ba. Sarki mutum ne, yana da fuska, yana da kunya. Makaɗin da ya yabe shi yau yana riƙe da zambo da habaici, kuma attajiri marowaci ya san abin da zai same shi in Shata ya juya masa baya. Wannan tsoro shi ne ɗan abin da talaka yake da shi a fada. Kamfani kuwa ba ya jin kunya, gama ba shi da uwa ba shi da uba da za a ambata. Takarda yake kawowa a sa hannu, ya biya kafin a buga kalangu, wanda kuwa aka biya tun kafin ya buɗe baki, ya riga ya san abin da ba zai faɗa ba. Ban da haka, kiɗan fada a ƙofar fada ake yinsa, a fili, mai tallan goro da almajiri duk suna ji kyauta.

Bari mu dubi garuruwanmu. Kakanninmu sun sauka a Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu, bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, hannun Bahaushe yana cikin hannuwan da suka tsinke audugar Jazira. Har wa yau da yawa daga jikokin masu tsinkar nan suna zaune a kambo, a gefen magudanar ruwa, ba su da hawasha tasu, wasu ma ba su da takardar filin da suka gina bukka a kai. A Yuli 2022 aka kashe Hausawa aka ƙone musu gidaje a wajen Rusairis da Damazin, a Oktoba kuma aka sake a Wad al-Mahi. A Disamba 2023 Madani ta faɗa hannun mayaƙan RSF, sai a Janairu 2025 soja suka karɓe ta. Mutanen da suka sha wannan suna bukatar wanda zai faɗi sunayen ƙauyukansu da murya mai kai nesa. Kamfanin waya kuwa yana sayar wa kowane ɓangare kati, saboda haka ba zai so mawaƙinsa ya ɓata wa kowa rai ba.

Ba da yaron da yake neman kuɗin gyaran garaya nake ba. Shi kam ya je ya yi, ciki ba ya jira. Da wanda ya riga ya ƙoshi nake, mai gida a birni da mota, wanda in ya ce a'a ba zai kwana da yunwa ba. Muhammad Wardi ya sha kurkuku a zamanin Numairi, ya kuma bar ƙasar bayan juyin mulkin 1989, ya yi fiye da shekara goma a waje. A'isha Falatiya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Sakkwato, ta shiga rediyon Omdurman a shekarun 1940, lokacin da ake ganin abin kunya ne mace ta yi waƙa a fili. Ta rasu a 1974, tsofaffinmu kuwa suna ambatonta har yau, ko waɗanda ba su taɓa taka Hartum ba, domin a akwatin rediyo suka ji ta, ba wanda ya tambaye su kati.