Me Ya Sa Bindiga Ba Ta Kashe Maharbi?

Akwai wata tambaya da nakan yi wa sababbin ɗalibai a sashenmu na ilimin halittu. Idan maharbi ya harba bindiga, ƙarfin da ya tura harsashi gaba daidai yake da wanda ya tura bindiga baya, kamar yadda dokar Newton ta uku ta nuna. To, me ya sa gada take faɗuwa matacciya, shi kuwa maharbi iyakarsa ciwon kafaɗa? Yawancinsu sukan yi tsit, alhali kuwa duk sun ci jarrabawar fiziks a sakandare. A ganina laifin ba nasu ba ne, na yadda muke koyarwa ne.

Duk abin da ke motsi yana da ma'auni biyu. Na farko shi ne ƙarfin tafiya, wanda littattafai ke kira momentam, wato nauyi sau gudu. Na biyu shi ne makamashin motsi, wato rabin nauyi sau gudu sau gudu. Mukan koyar da su a babi daban-daban, yaro ya haddace kowanne, ba tare da an taɓa nuna masa dangantakarsu ba.

Bari mu koma ga maharbinmu. A ce nauyin bindigarsa kilo 4 ne, harsashi kuwa giram 20, ya fita da gudun mita 400 a daƙiƙa. Ƙarfin tafiyar harsashi 0.02 sau 400 ne, wato 8. Dole bindiga ita ma ta sami 8, saboda haka za ta ja baya da gudun mita 2 a daƙiƙa. Amma da aka zo ga makamashi, harsashi ya kwashi jul 1,600, bindiga kuwa jul 8 kacal. Bindiga ta ninka harsashi nauyi sau 200, harsashi ya ninka ta makamashi sau 200. Ka'idar ke nan: idan abubuwa biyu suka yi daidai a ƙarfin tafiya, marar nauyin shi ne ya fi makamashi. Idan kuma a makamashi suka yi daidai, mai nauyin shi ne ya fi ƙarfin tafiya.

Mu da ke nazarin jikin dabba mun san cewa abin da ke yaga tsoka ya farfasa ƙashi shi ne makamashin da ya shiga nama, musamman idan ya taru a ɗan ƙaramin wuri. Wannan ne ya sa maganar ta wuce ta jarrabawa. Direban da ya ƙara gudu daga kilomita 50 zuwa 100 a awa ya ninka ƙarfin tafiyar motarsa sau biyu, amma makamashinta ya ninku sau huɗu. Bayan ya taka birki, nisan da zai ci kafin ya tsaya shi ma kusan ninki huɗu ne. Ɗalibin da ya fahimci haka ba zai zuga ɗan acaɓa ya ƙara wuta ba.

Wani malami zai ce ba su da kayan gwaji, kuma manhaja ta yi yawa. Amsata ita ce, manyan masana ma da yumɓu suka binciki wannan batu. Tun 1686 Leibniz ya ƙalubalanci ra'ayin Descartes kan wane ma'auni ne na gaskiya. A 1722 wani masani ɗan ƙasar Holan, 's Gravesande, ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla a kan yumɓu mai laushi, ya ga cewa idan gudu ya ninka biyu, ramin yakan ninka huɗu. Daga baya aka gane cewa ma'aunan biyu duka gaskiya ne, kowanne da aikinsa.

Yumɓu dai ba ya wuya a ƙasarmu. Malam, ka sa ɗalibai su saki ƙwallon ƙarfe daga tsayin santimita 25, sannan daga mita ɗaya, inda gudunsa zai ninka biyu, su auna ramukan da kansu. Ku kuma ɗalibai, duk lokacin da kuka lissafa ɗaya daga cikin ma'aunan nan, ku lissafa ɗayan a gefensa ku kwatanta. Gani ya kori ji.